Zogalen da Na Ce a Daina Aiko Mana

Tunda na dawo daga Maraɗi ban huta da tambaya ba. A ofishin malamai kowa sai ya ce ya garin, maƙwabta kuma kilishi suke nema, kamar an gaya musu yawon shan iska na je. Na gaji da ba da labari gutsure-gutsure, wannan ta ji farko waccan ta ji tsakiya, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Wadda ta karanta kada ta ƙara tare ni a hanya.

Babana haifaffen Maraɗi ne. Fataucin fatu ya kawo shi Kano, ya zauna a Kurna, a nan aka haife mu. Amma ransa yana can. Ya sayi fili a wata unguwa da ake kira Zariya, Zariya ta Maraɗi ba wadda kuka sani ba, ya gina gida mai ɗaki huɗu, da niyyar in ƙarfi ya ƙare ya koma da Inna. Don kada gida ya lalace sai ya sa amininsa, Malam Ila mutumin Jiratawa, ya zauna a ciki da iyalinsa. Ba haya, ba takarda. Ɗaki ɗaya kawai aka kulle, na Inna, da gadonta da 'yan kayanta a ciki. Baba ya rasu bai koma ba. Malam Ila ma ya rasu shekara uku da suka wuce, ɗansa Lawali ya ci gaba da zama.

Bana Inna ta fara ciwo. Ƙafa na kumbura, numfashi na yi mata wuya, abinci sai da lallashi. Wata safiya ta ce da ni, "Rabi, a mai da ni gida. Ba na so in mutu a gidan haya." Na kira Goggo Hassu, ƙanwar Baba da ke Sabon Garin Maraɗi, na ce ta sanar da Lawali. Bayan kwana biyu ta kira ni, ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba.

"Ki taho da ƙahwarki. Lawali ya ce gida na ubanshi ne. Ya kai magana wurin mai unguwa shina so a yi mishi takarda. An sa zama ranar Alhamis."

Na rasa inda zan sa kaina. Inna dai ban gaya mata ba, na ce mata zan je in share ɗaki in duba rufi. Yayana Sabo, wanda ciwon gwiwa ya hana shi tafiya amma bai hana shi ba da shawara ba, ya sayo mini manyan kwaɗuna biyu. Ya ce in na je in kulle gida, in mutumin ya yi taurin kai in sa a cire ƙofa a ɗage kwanon rufi biyu, da kansa zai kwashe kayansa. Ya ce haka ake yi. Ni da na yi shekara ashirin ina koya wa yara ladabi, na karɓi kwaɗuna na zuba a jaka.

Ranar Lahadi bayan asuba na shiga mota. Hantsi ya same mu a Katsina, na canja zuwa ta Jibiya. Wannan hanya kun san labarinta. Muna fita gari hira ta mutu a motar, kowa ya zuba ido a daji. Wata mata a gefena ta riƙe hannuna ba tare da ta san ta riƙe ba, ni ma ban janye ba. Shingen jami'an tsaro kuwa na daina ƙirgawa. Sai da muka hango Magama sannan direba ya kunna rediyo, matar ta saki hannuna ta ce in yi haƙuri.

Daga iyaka aka cusa mu a wata tsohuwar mota, mu uku a kujerar gaba ban da direba. A Ɗan Isa aka ce kowa ya sauko. Abin da na fara lura da shi, jandarma, wato jami'in tsaronsu, sai ya sara maka kafin ya nemi katinka, kuma ba ya ɗaga murya. Amma ba ya jin magiya. Ni don ruɗewa katin makaranta na miƙa masa. Ya duba gaba ya duba baya, ya miƙo mini ya tsaya yana jira, har na zazzage jaka a ƙasa na samo katin ɗan ƙasa. Kwaɗunan suka faɗo suka yi ƙara. Wani ma'aikacin duwan, wato kwastan ɗinsu, ya ɗaga ɗaya yana juya shi.

"Hajiya, shago za ki buɗe ko gidan kaso?"

Aka yi dariya, ni ma na yi yaƙe. Muna wucewa layin wayata ya ɗauke. Daga nan har Maraɗi ba abin da nake tunani sai in wani abu ya samu Inna ta ina za a same ni.

Goggo Hassu tana zaune a bayan wani shagon tela a Sabon Gari, ɗaki biyu da rumfa. Ɗan kabu-kabu, haka suke kiran ɗan acaɓa, ya kai ni har ƙofa da kwatance kawai, domin ba wanda bai san ta ba. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, goro ba ya barin bakinta, kuma ba ta iya zagaye a magana. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce na yi ƙiba, ta turo mini ƙwaryar fura. Mu a Kano fura abin sha ce a kofi. Su can abincin rana ce, mai kauri, a ƙwarya da ludayi, kuma in ka ajiye ludayi da wuri an ga rainin wayo. Da safe aka kawo burodinsu, dogo kamar sanda, ɓawonsa ya kusa yanka mini dasashi. Goggo da ba ta da haƙoran kirki ta tsoma nata a shayi ta cinye tana kallona.

Ranar Litinin muka je gidan. Da ba da Goggo nake ba da na wuce shi. An yi masa shuɗin fenti, an fasa katangar gaba an fitar da ɗan shago. Lawali ya fito daga shagon, mutum mai kimanin shekara arba'in, siriri, mai sanyin murya. Ya gaishe mu har ƙasa. Na so a ce ɗan iska na tarar, da abin ya fi mini sauƙi.

"Yaya Rabi, ni ban hau katangar kowa ba," in ji shi. "Cikin gidan nan na tashi. Rufin nan sau biyu ina canja shi. Abin da na sani, an bar ma babana gidan."

Na wuce ciki. Ɗakin Inna a buɗe yake. An ɓalle makullin, an jibge buhunan albasa har rabin bango. Gadonta na ƙarfe, wanda aka kai ta da shi ɗakin aure, an kwance shi an jingine a bayan makewayi, rana da ruwa sun cinye fentin. Ban san lokacin da na fito waje, na ja ƙyauren gidan na datse masa kwaɗo ba.

Matar Lawali da yara suna ciki. Ta fara buga ƙyaure tana kiran mutane, nan da nan layi ya cika. Na ji wani yana cewa a kira komisariya, wato ofishin 'yan sanda. Goggo ta damƙi hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Buɗe, Rabi. Nan ba Kano ba ne. Buɗe tun ba a zo ba."

Makullan kwaɗuna biyu sun cakuɗe, na sa wannan ya ƙi, na sa wancan ya ƙi, ashe juya shi nake ta baya. Lawali ne ya karɓa a hankali ya buɗe, ya miƙo mini kwaɗon da makullin. Kunyar da na ji a ranar ban taɓa jin irinta ba.

Da la'asar Goggo ta kai ni wurin maƙwabcinta Malam Abdu, tsohon magatakardan kotu. Muka same shi a ƙofar gida yana dafa shayi a 'yar buta. Can shayi sau uku ake zubawa, kuma ba a shiga magana sai an sha na farko. Labarin kwaɗo ya riga mu isa.

"Allah ya taimake ki ba a kira su ba," ya ce. "Da yau can za ki kwana, shi kuma shina gida. Nan, wanda ke kwana cikin gida, ko da ƙarya ya shiga, mai gida ba ya hidda shi da hannunshi. Ba kulle ƙohwa, ba cire kwano, ba yanke ruwa. Sai an zauna sulhu gaban mai unguwa. In bai yiwu ba a tahi gaban alƙali. In alƙali ya yanke, wisiye ke zuwa da takarda ya hidda shi."

Wisiye ma'aikacin shari'a ne mai aiwatar da hukunci. Na ce to ai ina da takarda, na zaro ta daga leda, takardar da aka ba Baba ranar da ya sayi filin. Ya sa tabarau ya karanta Faransancin a hankali, ya miƙo mini.

"Takarda mai kyau ce. Ta nuna Alhaji ya sayi hili. Lawali bai musa wannan ba. Cewa ya yi daga baya an ba ubanshi kyauta. Kyauta kuwa ko da baki aka yi, in an karɓa an zauna shekaru, ana saurarenta. Tambaya guda za a yi ranar Alhamis: aro ne ko kyauta?"

Na ce ta yaya ake ganewa tunda duk waɗanda suka yi maganar sun rasu. Ya ce a ƙasarsu mai aron gona ko gida yana kai wa mai abu wata 'yar alama duk shekara, damin gero, ko kwanon gyaɗa, ko abin da ya samu. Ba haya ba ce, ba ta kai kuɗin komai ba. Tunatarwa ce cewa abin yana da mai shi. Muddin ana kaiwa ana karɓa, ko shekara hamsin aka yi aro ne.

Goggo ta tofar da goro ta ce, "To ai an gama. Ila bai taɓa tsallake shekara ba. Buhun zogale na Jiratawa, busasshe, duk shekara shina aika musu Kano." Ta juyo gare ni. "Na bara ya iso ku?"

Bai iso ba, kuma ni na san dalili. Shekara goma sha ɗaya ke nan, shekarar da ta biyo bayan rasuwar Baba. Direba ya kira ni in zo tasha in karɓi saƙo. Ana ruwa, ina da tsohon ciki, ga takardun jarrabawa ban gama dubawa ba. Na sha cunkoso na je, na tarar da rabin buhun busasshen ganye, irin wanda ake talla a ƙofar gidanmu. Na dawo a jiƙe, na kira Malam Ila. Da ladabi na yi maganar, har ina jin kaina mai tausayi. Na ce, "Baba Ila, ku daina wahalar da kanku da zogalen nan." Ya ce Alhaji ne ya aza wannan. Na ce Alhaji ya tafi, mu mun yafe. Inna ba ta sani ba. Da ta tambaya a shekara ta gaba na ce ba su aiko ba.

Na faɗa musu duka. Malam Abdu ya zuba shayi na uku. Goggo kuwa ta ce, "Karatun boko ya yi rana," ta tashi ta bar ni a wurin.

Washegari ta huce, ta ce mu je Tibiri. Akwai maginin da ya gina gidan, Baba Ɗan Jimma, yana wurin ranar da aka miƙa wa Malam Ila makulli. Tibiri ba nisa, amma motar da muka shiga sai da ta cika ta batse sannan ta tashi, har da akuya a ƙarƙashin ƙafata tana cin gefen mayafina. Garin Gobirawa ne, maganarsu sai na kasa kunne sosai. Muka sami tsohon a gindin bishiyar dogon yaro, idanunsa sun kusa rufewa. Da ya ji sunan Babana sai ya wartsake. Ya faɗi yawan tubalin da gidan ya ci, da zurfin tushe, da inda suka sayo ƙyaure. Zuciyata ta fara kwanciya. Sai Goggo ta yi masa tambayar.

"Na ga an miƙa makulli," ya ce. "Amma ina bisa katanga. Abin da anka ce, ban jiya ba."

"Ka dai tuna, Baba. Ai ka san aro ne."

"Hassu, zato nike aro ne. Amma in anka ce in rantse, da mi za ni rantsewa? Kusa nike da kabari, ba ni ƙara ma kaina kaya."

Ba yadda muka iya da shi. Kuma ba a bar mu mun tafi ba sai da muka ci tuwon gero da miyar kuka. A hanyar dawowa na ari wayar Goggo na kira gida. Muryar Inna ta yi ƙasa ƙwarai. Ta ce, "Kin share ɗakin? Gadon yana nan?" Na ce yana nan. Ta ce in sa a shafa wa ƙafafunsa mai don kada ya yi ƙara. Na ce to.

Saura kwana ɗaya, kuma saura mutum ɗaya da ya san gaskiya: Iya Tsahara, matar Malam Ila, uwar Lawali. Tun rasuwar mijinta ta koma garinsu Jiratawa. Goggo ta ce ba za ta raka ni ba, ba da ita za a je a roƙi uwa ta kayar da ɗanta ba. Na tafi ni kaɗai ranar Laraba.

Jiratawa a kan hanyar da na shigo take, na wuce ta ranar Lahadi ban kula ba. Ana tsakiyar bazara amma wurin kore shar, ruwa na bin ƙananan magudanai tsakanin gonakin albasa da zogale. Wajen tsallake wata magudana ƙafata ta zame, takalmi ɗaya ya nutse a laka. Haka na isa wurinta, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu, matan da ke zagar ganye suna rufe baki. Iya Tsahara tana cikinsu, doguwar tsohuwa baƙa, tana baza zogale a tabarma. Ta sa aka kawo ruwa na wanke ƙafa, ta ja ni gefe.

"Na san abin da ya kawo ki," ta ce. "Ranar da kika yi wayar nan Malam bai ci tuwo ba. Ya ce, ko dai an bar mana gidan, ko an yanke zumunci da mu, kuma Alhaji bai gaya mishi ko ɗaya ba. Har ya koma ga Allah gidan Alhaji yake ce mishi. Yaro ne ya ji an ce an yahe, ya riƙe a ranshi."

Na durƙusa na ce, "Iya, ki zo gobe ki faɗi haka. Inna ba ta da lafiya. Gida take so."

Ta ce, "Ɗiyata, kina so in tsaya gaban maza in ƙaryata ɗan da na haihwa? 'Ya'yanshi bakwai. Ina za shi da su?"

Ta tambayi ciwon Inna dalla-dalla, ta ce Allah ya ba ta lafiya, ta ba ni aron silifas. Ba ta yi mini alkawarin komai ba. Na koma Maraɗi na gaya wa Goggo gida ya tafi, kuma ni na ba da shi.

Ranar Alhamis da hantsi aka zauna a zauren mai unguwa. Maza a tabarmi, mu mata a bakin ƙofa. Da Hausa ake magana, wani a gefe yana rubutawa da Faransanci a babban littafi. Lawali ya yi bayaninsa a natse, bai ƙara ba bai rage ba. Ya ce yana zaune kusa da babansa ranar da aka kira daga Kano aka ce an yafe, kuma tun daga ranar ba a sake aikawa ba, ba a kuma sake tambaya ba. Mai unguwa ya juyo gare ni.

"Hajiya, kin hwaɗi haka?"

"Na faɗa, ranka ya daɗe. Amma zogalen na yafe, ba gidan ba."

"Kin san abin da zogalen yake?"

"Ban sani ba sai ranar Litinin."

Zauren ya ɗauki gunaguni. Wani dattijo ya ce rashin sani ba ya mai da abin da aka saki. Wani ya ce 'ya ɗaya ba ta da ikon yafe gadon mutum biyar. Ana cikin haka babur ya tsaya a waje. Iya Tsahara ta sauko, ta ɗora rabin buhu a ka, ta yi sallama. Ba ta dubi ɗanta ba. Ta ratsa ta gefen maza ta sauke buhun a gabana.

"Ga na bana," ta ce. "Na sauran shekarun, ke kika ce a bari. Mu ba mu ce ba."

Ta nemi wuri ta zauna. Na durƙusa na sa hannu biyu na jawo buhun jikina, hawaye na zuba a kansa. Mai unguwa ya dubi mai rubutu ya ce, "Rubuta an kawo, an karɓa."

Na zaci an gama. Lawali ya sunkuyar da kai. Amma da aka miƙo masa takardar sulhu ya ce ba zai sa hannu ba. Ya ce ya gina ɗaki biyu a gidan da guminsa, ya yi shekara talatin yana toshe yoyo, ba zai fita da yara bakwai a kan rabin buhun ganye ba, sai alƙali ya faɗa da bakinsa. Mai unguwa ya ce haƙƙinsa ne. Aka rubuta sulhu bai yiwu ba.

Malam Abdu ya ce in kwantar da hankali, da takardar Baba da abin da tsohuwa ta yi, da wuya mu faɗi. Na ce yaushe? Ya ce zaman farko sai bayan Babbar Sallah, ana iya ɗagawa, wanda ya faɗi yana iya ɗaukaka ƙara, kuma ko an gama sai an ba su wa'adin tashi. Na ce a taƙaice. Ya ce shi dai bai taɓa ganin wadda aka gama a wata uku ba.

Muna fita Lawali ya biyo ni, idonsa jawur. "Yaya Rabi, in don Hajiya Innarku ne, ta taho ko gobe. In kwashe albasa, in ɗaura gadon da hannuna. Ta zauna tare da mu, matata ta yi mata hidima." Na ce zai rubuta cewa gidanta ta shigo? Ya ce ba zai rubuta komai ba sai gaban alƙali. Na yarda da gaske yake a duka biyun.

Ranar Asabar na kamo hanya da buhu a cinya, ban yarda an sa shi a but ba. A iyaka wani ya zura hannu ya shinshina, ya ce, "Hajiya, Kano babu zogale ne?" Na ce irin wannan babu.

Na tarar da Inna a zaune an jingina ta da filo, ta rame fiye da yadda na bar ta. Ta ga buhun kafin ta gan ni. Na zauna a ƙasa na gaya mata komai, tun daga wayar da na yi har zuwa gadon da ke bayan makewayi. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Shekara goma sha ɗaya ina ƙullace da bawan Allahn nan, ina cewa ya ga Alhaji ya mutu ya manta da mu. Ya rasu ko ta'aziyya ban aika ba." Ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini.

Na gaya mata tayin Lawali. Har ga Allah na so ta karɓa, na ce zan kai ta da kaina jibi. Ta girgiza kai.

"Ba zan tsaya a ƙofar gidan mijina ina jira wani ya ce mini in shigo ba. A jira alƙalin."

Babbar Sallah saura wata biyu. Likitan da ke duba ta bai ce mini komai a kan lokaci ba, ni ma ban tambaye shi ba. Ta sa an haɗa mata jaka an ajiye a bakin ƙofa, zannuwa uku da carbi da magunguna. Jiya ta ce in buɗe akwatinta in ɗauko wani farin yadi da ke can ƙasa, wanda ta zo da shi daga Makka. Na ɗauko na tsaya da shi a hannu. Ta ce in sa a jakar.

"In ban shiga da ƙafata ba, ki kai ni haka nan," ta ce. "Ɗan Ila ne. Ba zai hana a yi mini wanka a tsakar gidan ba."